Gajeriyar Raifil Mai Babban Baki Ko Shotgan Mai Dunƙulen Dalma: Wace Ta Fi Shurin Kafaɗa?

Duk wanda ya saba buga PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile ya san yadda bakin bindiga ke ɗagawa sama idan aka danne wurin harbi, har sai an riƙa jan yatsa ƙasa ko a karkata wayar kafin saiti ya dawo. Abin da wasan ke kwaikwayo shi ne shurin bindiga, wato dukan da take kai wa kafaɗar mai harbi a lokacin da harsashi ya fita. A cikin waya, shuri lamba ce kawai da masu tsara wasan suka rubuta. A zahiri kuwa yana da lissafi, kuma kalkuletar da ke cikin kowace waya ta isa ta yi shi.

Inda wannan lissafi ya fi muhimmanci shi ne jihar Alaska ta Amurka. Masu yi wa mafarauta da masunta jagora a dazukan can kan rataya gajeriyar bindiga saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai farata da ke iya gudun fiye da kilomita 50 a awa. Idan ta taso wa mutum daga kusa, harbi ɗaya ko biyu kaɗai zai samu, kuma bindigar da ta jijjiga shi a harbin farko ta cinye masa lokacin na biyu.

Bindigogi iri biyu aka fi muhawara a kansu. Ta farko gajeriyar raifil ce mai babban baki, irin Marlin 1895 Guide Gun da ta fito a 1998. Tsawon bututunta inci 18.5 ne, kimanin santimita 47, nauyinta kuma wajen kilo 3.2. Wanda ya kalli fim ɗin Jurassic World na 2015 ya ga 'yar uwarta, 1895 SBL, a hannun Chris Pratt. Tana cin harsashin .45-70, wanda aka ƙirƙiro wa sojojin Amurka tun 1873. Ta biyu ita ce shotgan mai lamba 12, irin Remington 870 ko Mossberg 500. Asalinta bindigar watsa ƙananan ƙwayoyin dalma ce, amma akan ɗura mata kwanso mai dunƙulen dalma guda ɗaya tak, irin wanda Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a Jamus a 1898. Da gajeren bututu, ita ma nauyinta bai yi nisa da kilo 3.2 ba, shi ya sa kwatanta su ke da sauƙi.

Yadda ake lissafin

Dokar motsi ta uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ita ce tushen komai: duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, daidai shi ne ke tura bindiga baya. Don haka ana ninka nauyin duk abin da ya fita ta bakin bindiga da gudunsa, sai a raba da nauyin bindigar. Abin da ya fito shi ne gudun da bindigar ke yi zuwa kafaɗa. Daga nan a ninka wannan gudu da kansa, a ninka da rabin nauyin bindigar, sai a sami makamashin shurin a ma'aunin jul.

Ba harsashi kaɗai ke fita ba. Albarushin da ya ƙone ya zama hayaƙi, yana da nauyi, kuma ya fi harsashin gudu. 'Yan bindigar da ke harba bindigar toka a hawan sallah a Kano ko Katsina ba sa zuba harsashi, amma duk da haka bindigar tana motsawa a hannunsu. Aikin hayaƙin ke nan. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, tana ɗaukar gudun hayaƙin a matsayin ninki 1.75 na gudun harsashi a raifil, ninki 1.5 kuma a shotgan.

A fara da harsashin .45-70 na gama-gari. Nauyinsa giram 26.2 ne, yana fita da gudun kimanin mita 405 a sakan. Ninka biyun, bayan an mayar da giram zuwa kilo, ya ba da 10.6. Idan aka ƙaddara albarushin giram 2 ne, hayaƙinsa zai ƙara 1.4, jimla 12. A raba da kilo 3.2, bindigar na komawa baya da gudun mita 3.8 a sakan, makamashinta kuma kimanin jul 23.

Dunƙulen shotgan na gama-gari ya ɗan fi nauyi, giram 28.4, ga matoshin roba na wajen giram 2 da ke fita tare da shi, kuma gudunsa ya kai mita 488 a sakan. Da albarushi giram 2, jimlar ta zama 16.3, gudun bindigar mita 5.1 a sakan, makamashin kuwa kimanin jul 41. Wato ya kusa ninka na raifil ɗin. Wannan ne ke ba mutane mamaki, domin sunan "raifil mai babban baki" ya fi ban tsoro a kunne. Dalilin shi ne manyan kamfanoni da gangan suke sassauta harsashin .45-70, tunda har yau akwai tsofaffin bindigogin ƙarni na 19 a hannun jama'a da ba za su jure matsi mai yawa ba.

Amma mai tsoron beyar ba kasafai yake yarda da wannan sassautaccen harsashi ba. Ƙananan kamfanoni irin su Buffalo Bore suna ɗura .45-70 mai zafi don bindigogin zamani kaɗai, inda wannan giram 26.2 ɗin ke fita da gudun kusan mita 610 a sakan. Da albarushi kimanin giram 3.3, jimlar ta haura 19, bindigar na dawowa da gudun mita 6.1 a sakan, makamashin ya doshi jul 60. A nan raifil ta wuce shotgan da nisa. Bindiga guda, kafaɗa guda, amma daga 23 zuwa 60, gwargwadon kwalin harsashin da aka buɗe. Idan mai karatu na son abin aunawa, AK-47 da ya sani a wasannin waya ba ta wuce jul 7 ko 8 a wannan lissafi ba.

Abin da jiki ke ji

Lissafin da ke sama na bindigar da aka rataye ne a iska, babu abin da ya tare ta. Abin da mutum ke ji kuwa ya danganta da tsawon lokacin da dukan ya ɗauka da kuma faɗin wurin da ya sauka.

Masu harbi kan ce shotgan turi take yi, raifil kuma mari. Wasu na danganta haka da matsin hayaƙi, tunda iyakar da SAAMI ta sa wa .45-70 fam 28,000 ne a kan kowane inci murabba'i, ta shotgan mai lamba 12 kuma 11,500 kacal. Sai dai wannan hujja tana da rauni. Faɗin bakin raifil ɗin milimita 11.6 ne, na shotgan 18.5, kuma ƙarfin turi shi ne matsi a ninka da faɗin wurin da ya danna. Idan aka ninka, kowace na ba da kimanin nauyin tan biyu a ƙololuwar harbi. Kusan kunnen doki ne.

Ballantana ma duk wannan na faruwa ne cikin abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na sakan ba. Kyamarar waya mai ɗaukar hoto 240 a sakan tana barin tazarar kashi huɗu cikin dubu tsakanin hoto da hoto, don haka harsashin ya riga ya bar bututu kafin ta ɗauki na gaba. A wannan ɗan lokaci bindigar ba ta matsa baya fiye da milimita uku zuwa huɗu ba. Duk tsallen da ake gani a bidiyon YouTube ko TikTok mai tafiyar hawainiya, bayan fitar harsashi ne, lokacin da jikin mutum ke ƙoƙarin tsayar da kilo uku na ƙarfe da katako.

Wurin tsayarwar nan ne bambancin gaske yake. Gindin bindiga mai faɗi da aka liƙa wa roba mai taushi yana shimfiɗa dukan a kan tsoka, yana kuma jan lokacinsa. Siririn gindi mai tauri kuwa yana tara shi a wuri guda, ya bar shaida. Idan gindin ya sauka ƙasa da layin bututu sosai, kamar yadda yake a raifil masu tsohon fasali, bindigar na juyawa sama ta mari kumatu, kuma mutane da yawa abin da suke kira "zafin shuri" a fuska suka ji shi, ba a kafaɗa ba. Wanda ya harba a tsaye jikinsa na lanƙwasawa ya bi dukan. Wanda ya zauna ya jingina da teburin saiti ba shi da wurin ja, sai ya sha shi duka. Shotgan mai sake ɗana kanta da hayaƙi ita ma tana rarraba dukan kashi-kashi, shi ya sa ake jin ta fi laushi ko da kwanson iri ɗaya ne.

Gajartar bututu fa?

Yanke bututu na rage gudun harsashi kaɗan, wanda ya kamata ya rage shuri. Amma yana rage nauyin bindiga, kuma wannan ya fi tasiri. A ɗauki dunƙulen nan mai jul 41: da bindigar ta kai kilo 4, da ya sauko zuwa 33, ba tare da an taɓa harsashin ba. Nauyin da aka cire kuma daga gaba yake, inda ake buƙatarsa don danne baki, sai ɗagawar ta ƙaru.

Ga kuma ƙara. A gajeren bututu hayaƙi na fita tun matsinsa bai faɗi sosai ba, kuma kusa da fuska. Guide Gun na farko-farko an huda musu ƙananan ramuka kusa da baki don hayaƙi ya fita sama ya danne bututun. Ya rage ɗagawa, amma ya ƙara wa kunne wahala, daga baya kamfanin ya daina. Ƙarar irin waɗannan bindigogi ta haura desibel 140, matakin da harbi ɗaya ke iya yi wa ji lahani na dindindin idan babu abin toshe kunne.

Ƙwaƙwalwa ba ta rarrabe ƙara da duka. Tana haɗa su ta ce an ji ciwo. Bayan 'yan harbe-harbe sai jiki ya fara kare kansa tun kafin a ja kunama: ido ya ƙifta, kafaɗa ta tura gaba, bakin bindiga ya nutse ƙasa. A gaban beyar, wannan zabura ta isa ta aika harsashi cikin ƙasa. Masu koyar da harbi na gano ta ne ta hanyar cusa kwanson da babu albarushi a cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. Idan ya ja kunama bindiga ba ta tashi ba, amma bakinta ya yi ƙasa, to shi ne ya motsa ta.