Inda Ƙarfe Ya Haɗu da Ƙarfe

Idan injiniya ya je duba gini, mai gida yakan ja shi ya nuna masa kaurin ginshiƙi da yawan rodin da aka zuba. Shi kuwa idonsa na kan mahaɗa: inda bim ya hau ginshiƙi, inda aka yi walda, inda noti ya riƙe ƙarfe. Nauyi daga rufi yake gangarowa har tushe, kuma dole ya ratsa ta waɗannan wurare. Wata mahaɗar miƙa nauyi kawai take yi, ta bar bim ya ɗan juya; wata kuwa ƙulle shi take yi gam. Kowace da lissafinta.

Har gobe ana koyar da ɗaliban injiniya abin da ya faru a otal ɗin da a lokacin ake kira Hyatt Regency, a birnin Kansas City na Amurka. Cikin gadojin da aka rataye a babban zauren otal ɗin akwai biyu da ke jere, ta hawa na huɗu a saman ta hawa na biyu. A zanen farko, doguwar sandar ƙarfe ce za ta taho daga rufi ta ratsa duka biyun, kowace gada da nata noti. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan da wuyar haɗawa, sai aka raba sandar biyu, aka rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. A ido, gyara ne ƙarami. A lissafi, mahaɗar sama ta koma ɗaukar ninki biyu, kuma aka amince da canjin ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba. Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana tsaka da taron rawa, gadojin suka rufto. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar birnin ba, kuma injiniyoyin da suka amince da canjin sun rasa lasisinsu.

Ba sai an je Amurka ba. Da farkon damina iska kan ɗauke rufi ɗungurungum, kwano da katako lafiya lau, ta ajiye a gidan maƙwabci. Ɗaurin katako da bango ne ya gaza.

Shi ya sa injiniya ke dagewa a kira shi kafin a zuba kankare, tun ana ganin tsawon da rodi ya hau kan ɗan'uwansa. Idan magini ko mai walda ya ce "haka ya fi sauƙi", wataƙila yana da gaskiya, amma sai an mayar da zanen ofis an sake lissafi.