Na Maƙale a Littafi na Goma

Anti, ni ɗaliba ce, kuma tun bara nake karanta jerin littattafan nan na Turanci, The Wheel of Time, waɗanda yayana ya bar mini da zai tafi bautar ƙasa. Na farko-farkon ko barci ba sa barina in yi. Amma da na zo na 10, Crossroads of Twilight, sai abin ya tsaya cak. Ina ta buɗe shafi, labari ya ƙi motsi. Ƙawata ta ce in tsallaka zuwa na ƙarshe, ko in kalli fim ɗin in huta. Ni kuma ina jin kamar in na bari na yi asarar wahalata. Me kike gani?

'Yarki daga Zariya

'Yata, kwantar da hankalinki, ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba. Masu karatun Robert Jordan, marubucin littattafan, sun daɗe suna kuka da wannan zangon, daga wajen littafi na 7 zuwa na 10, kuma wanda ke hannunki shi ya fi shan suka.

Ga dalili. Lokacin da Jordan ya fara da The Eye of the World a 1990, 'yan samari ne da 'yan mata suka baro ƙauyensu tare, labari na bin su a hanya guda. Kafin a zo tsakiya, kowa ya kama gabansa: Rand na fama da sarauta, Mat na can wata ƙasa, Perrin na neman matarsa Faile, Egwene na rikicin shugabancin ƙungiyar Aes Sedai. Dole marubuci ya leƙa kowa. Sannan babban abin da Rand ya yi a ƙarshen na 9, sai na 10 ya koma baya yana nuna yadda sauran suka ji shi daga inda suke. Shi ya sa kike ganin ana tafiya amma ba a gaba.

Shawarar ƙawarki kuwa, ban goyi baya ba. Littattafan 14 ne, ban da New Spring da ke ba da labarin abin da ya gabata. In kika faɗa na ƙarshe, A Memory of Light, za ki tarar da yaƙi cike da mutanen da ba ki san yadda aka yi suka zo wurin ba, mutuwarsu ma ba za ta taɓa ki ba. Fim ɗin da Amazon ta fara a 2021 kuma an dakatar da shi bayan zango uku, bai kai ko inda kike ba, balle ƙarshe.

Abin da zan ce miki shi ne ki sassauta wa kanki. Ba jarrabawa za ki rubuta a kansa ba. Inda aka tsaya bayanin tufafi ko jerin sunayen fadawa, ki bi da ido ki wuce. Inda ake magana ko ƙulla makirci, ki nutsu. Sunan da ya ɓace miki, duba jerin bayanan da ke bayan littafin. Babi ɗaya a dare ya isa, sannu ba ta hana zuwa.

Kuma sauƙi na nan kusa. Na 11, Knife of Dreams na 2005, a nan Jordan ya fara warware ƙulle-ƙullen da suka gundure ki. Shi ne na ƙarshe da ya kammala kafin rasuwarsa a 2007. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi Brandon Sanderson ya ƙarasa daga bayanan da mijinta ya bari, ya fitar da uku tsakanin 2009 da 2013, kuma suna da sauri.

Sai dai maganar asara, ki cire ta a ranki. Daɗin da kika ji a tara na baya kin riga kin ji shi, ba mai ƙwace miki. Ki lallaɓa ki gama na 10, ki ba na 11 babi goma. In har Mat bai dawo miki da dariya ba, ajiye su a kwali ki jira yayanki ya ba ki ƙarshen da baki. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Antinku