Yadda Ake Cire Farin Tabon Folish Daga Robar Mota

Idan ka taɓa kai mota wajen masu wanki a Kawo ko Unguwan Rimi aka shafa mata folish, wataƙila ka lura bayan kwana biyu baƙar robar bamba da ta gefen gilashi ta yi fari-fari kamar an zuba mata alli. Kakin da ke cikin folish ɗin ne ya bushe a wurin. Fenti sumul yake, ana gogewa kakin ya tashi. Ita kuwa robar tana da ƙananan ramuka, nan yake shigewa ya maƙale, kuma ruwa ba ya narka kaki. Shi ya sa ko sau goma ka wanke, da ta bushe farin zai dawo.

Fara da abu mafi arha: farar kilinar goge fensir, irin ta 'yan makaranta. Kai motar inuwa, bari robar ta huce, sannan ka goga a hankali. Idan tabon sabo ne, wannan kaɗai ya isa.

Wanda ya daɗe kuma sai ka nemi sifirit a kemis. Ɗiga kaɗan a tsumma mai laushi, kada ka tuttula a jikin motar, ka gwada tukuna a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan launin bai canza ba, goga wurin, ka bi ramukan da tsohon burushin haƙori, ka ɗauraye da ruwan sabulu. Bayan ya bushe, kunna fitilar wayarka ka haska ta gefe, duk inda ya rage zai fito fili.

Akwai bidiyoyi a TikTok da YouTube da ke cewa a shafa man gyaɗa. Robar za ta yi baƙi nan take, amma yawanci ɓoye tabon ya yi, kuma a lokacin hunturu ƙurar Kaduna a kan man za ta zauna. Fetur, kananzir da tina kuwa kada ka kusanto da su. Suna lalata robar ƙofa har ta tsattsage ruwan damina ya riƙa shiga, sai ka tsinci kanka a Panteka kana cigiyar wata.

Kafin a sake shafa folish, ce wa mai wankin ya rufe robar da salatif ɗin takarda na masu fenti.