Kafin Ka Tura wa Candy Kuɗi, Nemi Sunanta na Yanka

Duk wanda ya taɓa hawa benayen Baima, babbar kasuwar tufafin nan da aka buɗe a 1993 daura da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, yakan dawo gida wayarsa cike da sunayen ban dariya. Ga Apple, ga Candy, ga Cherry, ga Coco, ga wani saurayi mai sayar da jamfofi da ya ce a kira shi Lucky. Babu wanda uwarsa ta raɗa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wasu malamin Turanci ne ya laƙaba musu tun suna makaranta, wasu kuma su suka zaɓa ranar da suka fara aikin shago, don sun san harshen baƙo ba zai iya juya sunansu na ainihi ba. A yi raha da su, a gaisa, a yi ciniki, duk babu laifi. Amma idan aka zo maganar kuɗi, to sunan wasa ya ja gefe.

Matasanmu masu buga PUBG da Free Fire sun fi kowa gane wannan. Yaro sunansa Habibu, amma a fagen wasa shi ne Dodon Kwari ko Baƙin Kumurci, gobe ya ga dama ya koma Ba Ka Tsoron Allah. To a Sin, tun 2019 hukuma ta wajabta wa mai buga wasan intanet ya yi rajista da sunansa na katin ɗan ƙasa, kuma a 2021 aka taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kacal a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ka kira kanka Sarkin Aljanu in kana so, kamfanin wasan ya san ko kai wane ne. Ƙasar da ba ta yarda a yi ko wasa da sunan bogi zalla ba, ban ga dalilin da zai sa kai ka ba da kafin alƙalami na kaya rabin kwantena ga wata Candy da iyakar abin da ka sani game da ita hoton kyanwar da ta sa a WeChat ba.

Ga yadda za ka yi. Da zarar kun yi musayar WeChat, kafin ka bar bakin shagon, shiga wurin da ake sauya wa mutum suna a wayarka ka rubuta hawa na nawa ne, lambar shago, da irin kayan: "Candy, hawa na 3, shago kaza, rigunan mata." Sunan da ta sa wa kanta tana iya canza shi a kowane lokaci, wanda kai ka rubuta kuwa yana nan. Sannan ka ɗauki hoton katin shagon da na allon ƙofa ka tura cikin hirarku, ya zauna can. Yaran shago suna yawan sauya wurin aiki, musamman bayan hutun sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Sau da yawa Candy ta tafi, wata ta gaji wayar shagon har da sunan.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne lasisin kasuwanci, wanda suke kira yingye zhizhao. Galibi yana rataye a bango. A kansa akwai sunan kamfani ko na mai shago da rubutun Sinanci, da lambar rajista mai gurbi 18. Ɗauki hotonsa, ba abin kunya ba ne, mai gaskiya ba ya hanawa. Ba sai ka iya karatun Sinanci ba: kwatanta zanen haruffan da na jan hatimin da aka buga maka a rasit, da kuma sunan asusun da aka ce ka tura kuɗi. Idan ta WeChat za ka biya, yana nuna harafin ƙarshe na sunan mai karɓa na gaskiya, sauran a rufe da tauraro. In ka ga sun saɓa, tambayi laoban, wato mai shagon, baki da baki. Sau tari za ka ji asusun matarsa ne ko na ƙanensa, abu ne da aka saba, amma ya rubuta maka hakan a bayan rasit ya sa hannu.

Kada kuma ka ce ai ka san sunansa Mista Chen, ka huta. A lardin Guangdong Chen na cikin sunayen dangi mafi yawa, tare da Li da Huang. Neman Mista Chen a Baima daidai yake da shiga Kantin Kwari kana cigiyar Alhaji Sani. Su sunan dangi ne ke zuwa farko, na yanka ya biyo baya. Kuma mutum ɗaya yana iya rubuta Chen a wata takarda, Chan a wata, gwargwadon lafazin Mandarin ko na Kantonis. Haka Huang da Wong. Shi ya sa na ce rubutun Sinancin za ka riƙe. 'Yan'uwanmu Musulmi na ƙabilar Hui da ke da gidajen abinci a unguwar Xiaobei ma haka: Yusuf ɗin da ya gaya maka sunansa ne na addini na gaske, amma a katinsa wataƙila Ma ne.

Su ma fa suna da nasu sunayen yankan na mamaki. Gabanin wasannin Olamfik na Beijing a 2008 an ba da rahoton mutum fiye da 4,000 masu suna Aoyun, sunan gasar ke nan. Mu da muke da Ajuji da Ayashe da Barau, waɗanda iyaye ke sa wa ɗa bayan sun sha rashin 'ya'ya, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Saura kai, Alhaji. Idan sunanka a WeChat Sarkin Yaƙi ne ko Oga Ba Bashi, haka yarinyar shago za ta kwafa ta rubuta a jikin kwalayenka, su isa sito ejan kago ya duba littafinsa ya rasa mai su. Zaɓi alama guda ta kaya, gajera: suna, gari, lambar waya. Rubuta ta da manyan baƙaƙe a takarda, ka ɗauki hotonta, ka ba kowane shago ita ɗin dai, kada yau Sani Kano gobe S. K. Textiles. Kalmar Alhaji ita kaɗai ba alama ba ce, a kowane sito akwai alhazai birjik.

A otal, da tikitin jirgin ƙasa, da banki kuwa, abin da ke cikin fasfo kawai ake bi, harafi da harafi. In fasfonka ya ce Muhammad, kada ka bari wani ya cike maka takarda da Mohammed, domin tikitin jirgin ƙasa a Sin ɗaure yake da suna da lambar fasfo. Hajiya, ke ma in kina amfani da sunan maigida a kasuwa alhali fasfo na ɗauke da na mahaifi, ki sanar da ejanki tun daga gida wanda za a sa a takardun kaya.