Ribar Takarda da Aka Raba wa Magada

Har yanzu raina a ɓace yake kan wani rahoton kuɗi da aka kawo ofishinmu. Kamfanin iyali ne a Kano, dillancin kayan masarufi suke yi, suna ɗauko kaya daga masana'antun Legas suna rarraba wa 'yan kasuwa a jihohin Arewa, har zuwa Maraɗi da Damagaram. Mahaifinsu ne ya kafa shi. Da Allah ya yi masa rasuwa, hannun jari ya koma wurin 'ya'ya da iyayensu mata, babban ɗan ya zama shugaba. Sun je banki neman ƙarin rance, bankin ya ce sai wani odita daban ya sake duba rahoton 2023 da na 2024 kafin a yi magana. Haka takardun suka zo hannuna.

A shafin farko an rubuta ɓaro-ɓaro cewa an shirya rahoton bisa cikakkun ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, wato IFRS, kamar yadda yarjejeniyar rancensu na farko ta tanada. Na buɗe bayanan da ke bayan alƙaluma, sai ga IAS 17 a kan haya, ga IAS 18 a kan kuɗin shiga, ga tsohon tsarin IAS 39 a kan basussuka, alhali duk an riga an maye gurbinsu da sababbi. IFRS 15 da IFRS 9 sun fara aiki tun 1 ga Janairu 2018, IFRS 16 kuma tun 1 ga Janairu 2019. A wani shafi ma sunan wani kamfani ne daban, wanda ya kwafo bayanan ya manta bai goge ba. Shekara da shekaru akantan nasu yana sauya kwanan wata kawai, ya buga tambari, ya karɓi kuɗinsa. Su kuma suna yaba masa, wai yana da sauri kuma ba ya tsawwala farashi.

Muka fara da haya. Manyan sito uku suke amfani da su, kowanne da yarjejeniyar shekara goma, ana biya shekara-shekara, babu damar fita sai da tara mai nauyi. Ko ɗaya bai fito a takardar kadara da bashi ba. Da muka lissafa sauran kuɗin da za a biya, muka mayar da shi darajar yau, bashin haya ya haura naira miliyan 400. Ya zauna a ɓangaren bashi, haƙƙin amfani da sito ya zauna a ɓangaren kadara, kuɗin haya ya fita daga kashe-kashen aiki, raguwar daraja da kuɗin ruwa suka maye gurbinsa. Da yake yarjejeniyoyin ba su daɗe ba, kuɗin ruwan ya fi nauyi a waɗannan shekarun farko, riba ta ɗan ja baya.

Shugaban ya dube ni ya ce, "Akanta, ni fa ban ci bashin kowa ba. Haya nake biya, kuma ban taɓa bari mai sito ya zo ƙofata ba." Na ce, "Alhaji, gaskiya ne. Amma ka sa hannu za ka biya har shekara goma, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba. Banki yana so ya san wannan kafin ya ƙara maka." Da a ce sun biya kuɗin shekarun gaba ɗaya tun farko, kamar yadda wasu masu gidaje suke buƙata a nan, da kadara ce kawai za ta fito, babu bashi. Da hayar ba ta wuce wata goma sha biyu ba, da akwai sassauci. Tasu ba ta faɗa ko ɗaya cikin biyun ba.

Inda abin ya yi muni shi ne basussukan da suke bin abokan ciniki. Kusan naira miliyan 900 ne a littafi, kuma ba a ware ko kwabo don asara ba. Na nemi jadawalin da ke nuna tsufan kowane bashi, aka ce ba a taɓa yin sa ba. Da muka haɗa shi da kanmu, kusan kashi ɗaya cikin uku ya wuce shekara. Kaso mai tsoka yana hannun 'yan kasuwar tsallaken iyaka ne, waɗanda harkarsu ta tsaya cik da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ranar 31 ga Disamba 2023 iyakar a rufe take, kowa a kasuwar Singa ya sani. IFRS 9 ba ya jiran mutum ya zo ya ce ya karye. Tun ranar da ka ba da kaya bashi za ka ƙiyasta abin da ba zai dawo ba, ka dubi tarihin biyan mutanenka, ka dubi halin da ake ciki da wanda ake hange. Duk bashin da na nuna, amsa ɗaya ce: "Ai mutumin marigayi ne, zai biya." Ban musa amanar kowa ba. Sai dai mutumin kirki ma yana rasa abin biya, kuma rahoton kuɗi yiwuwar dawowar kuɗin yake aunawa.

Akwai kuma kayan da aka tura wa dillalai a makon ƙarshe na Disamba, da sharaɗin su dawo da abin da bai sayu ba, aka rubuta duka a matsayin ciniki. Da ragin da ake yi wa manyan dillalai a ƙarshen shekara, wanda ba a cire daga kuɗin shiga ba. IFRS 15 ya yi maganin waɗannan tuntuni.

Da aka gama gyara, ribar shekara biyun ta koma asara. Sharaɗin bankin shi ne kada bashi ya wuce ninki biyu na jarin masu kamfani. Bashi ya hau, jari ya sauka, sharaɗi ya karye, kuma a gaskiya ya daɗe da karyewa ba wanda ya sani. Sabon rance bai samu ba, tsohon ma sai da aka yi ta zarya kafin bankin ya yarda a sake tsara biyansa.

Duk wannan bai taɓa ni ba kamar zaman da aka yi da magada. An riga an raba riba sau biyu a kan alƙaluman nan. Wata ta aurar da 'ya, wani ya fara gini. Yanzu ƙanne suna kallon yayansu da zargin ya cinye dukiya, shi kuwa bai ɗauki sisi ba, sakaci ne ya kai shi. Ɗaya daga cikin iyayen, dattijuwa, ta tambaye ni, "Ɗan nan, wato kuɗin da aka ba mu, gumin marigayi muka ci?" Na ce, "Hajiya, ba laifinku ba ne, abin da aka nuna muku kuka karɓa." Amma amsar gaskiya ita ce e, daga cikin uwar kuɗin da marigayi ya bari aka yanko aka ba su da sunan riba. Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta yarda a raba sai daga ribar da ta cancanci rabawa ba, kuma daraktan da ya san haka ya bari aka taɓa jari, aljihunsa za a nema.

Sabuwar ƙa'ida ba ta cire ko naira ɗaya daga asusun kamfaninka. Abin da kake ɓoye wa kanka take fitowa da shi. In ka ƙi bin ta, bashin yana nan, asarar tana nan, kai kaɗai ne ba ka gani.

Ku daina ɗaukar akantan jeka-na-yi-ka don yana da araha. Ku nemi shaidarsa ta ƙungiyar akantoci, ICAN ko ANAN, ku nemi lambar rajistarsa ta FRC, hukumar da doka ta kafa a 2011 don kula da rahoton kuɗi, ku bincika lambar tasa ce ko aro ya yi. Mutum ɗaya kada ya rubuta littafi kuma ya zama odita. Kuma don Allah ku karanta abin da kuke sa wa hannu. Darakta ne ke da alhakin rahoto, odita ra'ayi kawai yake bayarwa. Na gaji da jin "ai akanta ne ya yi."

Ga wata kuma tana tafe. A Afrilu 2024 hukumar IASB da ke Landan ta fitar da IFRS 18, wanda zai maye gurbin IAS 1 daga 1 ga Janairu 2027. Ba zai sauya ribar ƙarshe ba, amma zai sauya fasalin takardar riba da asara: kowane kuɗin shiga da kashewa sai ya faɗa ɗaya daga rukuni biyar, wato aiki, zuba jari, samar da kuɗi, haraji, da sashen da aka daina. Dole a nuna ribar aiki, dole a nuna riba kafin kuɗin rance da haraji. Duk wani ma'aunin riba da shugabanni suka ƙirƙira suna tallata wa jama'a, sai an kawo shi cikin bayanai an nuna yadda ya haɗu da alƙaluman IFRS. Ga masu shigo da kaya, bambancin canji zai bi asalinsa: na bashin mai sayar maka da kaya ya shiga ribar aiki, na rancen dala ya tafi ɓangaren samar da kuɗi. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun Yuni 2023 ya san wannan rabon kaɗai zai iya juya ribar aikin kamfani.

Masu cewa 2027 da sauran lokaci, alƙaluman 2026 ne za a sake tsarawa don kwatanci. In manhajar lissafinku tana zuba duk asarar canji a layi ɗaya, wa zai zauna ya tsince muku su ɗaya bayan ɗaya? Ƙananan kamfanoni ma ba su tsira ba, bugu na uku na ƙa'idarsu ya fito a Fabrairu 2025, shi ma 2027 zai fara, kuma ya taɓa yadda ake rubuta kuɗin shiga. Kada kuma ku ɗauka duk abin da kuka ware don asarar bashi hukumar haraji za ta amince da shi.

Ku ɗauko yarjejeniyar rancenku ku duba yadda ta fassara ribar aiki da bashi, ku je wurin banki tun kafin alƙaluman su sauya. IAS 8 ya wajabta a bayyana ƙa'idojin da aka fitar waɗanda ba su fara aiki ba, da tasirin da ake tsammani daga gare su. Ku buɗe rahotonku na ƙarshe ku nemi wannan sakin layin. In babu IFRS 18 a ciki, ku kira wanda ya sa hannu ku tambaye shi dalili, kuma kada ku raba riba sai kun ga jadawalin tsufan basussukanku da idonku.