Darasin Lafiya: Yadda Tsutsar Tsargiya Ke Maƙalewa a Jikin Mutum

Iyaye mata sukan tambaye mu: me ya sa yaro zai sha maganin tsargiya, bayan 'yan watanni kuma jini ya dawo a fitsarinsa? Sai mun san tsutsar kanta za mu gane amsar.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Tana zaune cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, namiji na rungume da mace, ita kuma tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Ƙwan ne ke raunata mafitsara har jini ya fito.

To, jini gudu yake yi, yaya ba ya tafiya da ita? Tsutsar ba ta da zuciya, ba ta da jinin kanta da zai kai saƙo cikin jikinta. Abin da take da shi ɗan ƙullin jijiya ne a ka, da zaruruwa da suka miƙe har wutsiya. A jikinsu akwai wasu ƙwayoyi masu tsattsafar da sinadari. Wasu sinadaran guntayen furotin ne, wani kuma shi ne sirotonin, wanda mu ma muke da shi a jikinmu. Su ke umartar tsokarta ta motsa, bakinta ya tsotse bangon jijiya ya riƙe, mahaifarta ta tura ƙwai waje. Abu ƙarami haka, amma da tsarinsa!

Maganin da ake rabawa shi ne Praziquantel. Tsokar yake sandararwa, umarni ya zo babu mai aiwatarwa, tsutsa ta saki, jini ya kwashe ta. Sai dai bai cika kashe ƙananan da ba su balaga ba, kuma ba ya hana sababbi shiga. Sababbin daga jikin katantanwa suke fitowa a tafki ko kududdufi, su huda fatar mai wanka ko wanki.

Saboda haka a ba yaro abinci kafin ya sha, a kai shi duk lokacin da aka sake rabo, wanka kuma a yi da ruwan famfo. Wanda ya ga jini a fitsari, babba ko yaro, ya je asibitin sansani, ba abin kunya ba ne.