Darasi: Alkawari Tsakanin Ƙasashe, da Abin da Ƙasar Gwandu Ta Koya Mana

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa shugabannin ƙasashe sun taru a Abuja ko a Yamai, sun sa hannu a takardar alkawari, sun gaisa, kowa ya koma gida. Manomi a Kalgo yakan ce, ina ruwana da wannan? A darasin wannan wata za mu ga ruwansa da shi ƙwarai. Za mu kuma lura da abu ɗaya: alkawari tsakanin ƙasashe kamar katangar ƙasa yake. Ginawa ba ta isa ba, sai an riƙa yi mata yaɓe kowace shekara, in ba haka ba damina ta cinye ta.

1. Gida ɗaya da aka raba

A shekara ta 1812 Shehu Usman ɗan Fodiyo ya raba riƙon ƙasa biyu. Gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuwa ya ba ƙanensa Abdullahi, wanda Gwandu ta zama mazaunin mulkinsa. Ƙasashen da ke bin Gwandu sun kai har Nufe da Ilori a kudu, a yamma kuma har Sayi da Dori. Yau Sayi tana cikin Nijar, Dori tana cikin Burkina Faso.

Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja iyakar da muke gani yanzu. A 1890 suka shirya a kan layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. Suka sāke shi a 1898, suka kuma gyara a 1904 da 1906. Ba su nemi shawarar mutanen wurin ba. Saboda haka layin ya bi ta tsakiyar dangi: Hausawa, da Zabarmawa, da Dandawa, da Arawa, da Fulani suna wannan gefe, suna kuma wancan. Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991, tana iyaka da ƙasashe biyu, wato Nijar da Benin. Kafin 2023, daga Kamba mutum yakan shiga Gaya ta Nijar, daga Gaya ya haye gada ya shiga Malanbil ta Benin duk a yini ɗaya.

2. Lafiyar Toga

Tun kafin zuwan Turawa, wannan ƙasa ta san abin da ake ce da shi sulhu tsakanin masu mulki. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, suka ƙi bin Gwandu, suka yi ƙarfi a Argungu. Aka shekara da shekaru ana kai wa juna hari. Gonaki suka zama daji, fatake suka bar hanya. Da kowa ya gaji, sai aka ƙulla amana a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka yarda kowane gefe ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Mutane suka sa wa wannan lokaci suna Lafiyar Toga.

Amma amanar ba ta kai shekara goma ba. A 1875 ta warware, yaƙi ya komo, bai kwanta ba sai da Turawa suka ci ƙasar. Ko bayan haka ma zukata ba su huce ba, sai a 1934, sa'anda Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa ya ziyarci Argungu. Aka yi masa kamun kifi na girmamawa, daga nan ne bikin su na Argungu ya samo asali. Mu lura da bambancin. Amana ta fari ajiye makami ce kawai. Ta biyu kuwa an ba ta ranar da za a riƙa sabunta ta, ana taruwa ana ganin juna.

3. Abubuwa uku da ba su san iyaka ba

Na fari, ruwa. Gulbin Maradi yana tasowa a Nijeriya, ya shiga Nijar, ya komo Nijeriya ya zuba cikin Rima, Rima kuwa ita ce ke shayar da fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo inda ake noman shinkafa. Kogin Kwara kuma yana tasowa a Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Idan na sama ya tare ruwa, na ƙasa ya sha ƙishi. Domin haka a 1964 ƙasashen kogin suka kafa hukuma ta haɗin gwiwa, aka sabunta ta a 1980 da sunan Hukumar Kogin Kwara. Ƙasashe tara ne a cikinta, ofishinta yana Yamai. A 1971 Nijeriya da Nijar suka kafa tasu hukumar ta su biyu, a 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri a kan yadda za su raba ruwan gulaben da suka haɗa su.

Na biyu, wutar lantarki. An gama madatsar Kainji a 1968. Daga 1976 aka ja waya daga Birnin Kebbi ta bi ta Dosso zuwa Yamai. Hikimar abin ita ce, idan Nijar tana samun wuta daga Kainji, ba ta da gaggawar tare kogin a sama. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa.

Na uku, cuta. Ciwon bushiya ya sha ƙare garken Fulani. Saniya ba ta da fasfo, makiyayi yakan yi rani a Nijeriya ya yi damina a Nijar, saboda haka allurar ƙasa ɗaya ba ta da amfani in maƙwabciya ba ta yi ba. A 1962 Nijeriya, da Nijar, da Chadi, da Kamaru suka soma yi wa shanu allura tare, wasu ƙasashe suka bi baya. Ciwon ya yi sauƙi ƙwarai, har aka saki jiki aka rage allura. Sai ga shi ya komo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, ya kashe shanu masu yawa a Arewa. Aka sāke ɗaura ɗamara, wannan karo ba a tsaya ba sai da aka kai ƙarshe. A 2011 aka shaida wa duniya cewa bushiya ta ƙare ƙaƙaf. Haka aka yi da agana, wadda aka ba da shelar ƙarewarta a 1980. Haka kuma a 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta bar Afirka.

4. Sa'anda bango ya tsage

A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas, a 1979 kuma aka yarda mutanen ƙasashenta su riƙa shiga ƙasar juna ba tare da biza ba. Amma ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi, har aka yi maganar aika soja. Sanatocin Arewa suka ƙi yarda da yaƙi. Aka aiki Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar zuwa Yamai, malamai kuma suka je neman sulhu.

Wa ya fi shan wahalar wannan rikici? Mai kai albasa da gero kasuwar ƙetare, da direban da motarsa ta tsaya a bakin iyaka har kaya suka lalace, da maras lafiya a asibitin Yamai da wuta ta ɗauke masa. A watan Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, a watan Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a buɗe iyaka. Duk da haka Nijar, da Mali, da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, fitar ta tabbata a watan Janairu 2025.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Nuwamba 2024 hedkwatar tsaron Nijeriya ta ba da labarin 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma ce raunin sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin Nijar ne ya ba su hanya. A cikin watan nan suka auka wa ƙauyen Mera a ƙasar Augie, suka kashe mutum 15. Mugu yakan yi ɓarna a wannan gefe ya tsallaka wancan, soja kuwa ba shi da ikon bin sa sai da yardar maƙwabci. Wannan ne ya sa ko a cikin jayayya manyan sojan ƙasashen biyu suka zauna a Yamai a watan Agusta 2024 domin su gyara aikin tsaro tare.

5. Abin da ya rage gare mu

Ba mu ne ke sa hannu a takarda ba, amma yaɓen katangar a hannunmu yake. Mu kai 'ya'yanmu da dabbobinmu allura, gama labarin bushiya ya nuna mana abin da sakaci ke jawowa. Kada mu sayar wa 'yan bindiga man fetur ko abinci saboda riba, kada kuma mu ɓoye su. Idan mun ga baƙon da ba mu yarda da shi ba, mu gaya wa mai unguwa ko dagaci. Amma baƙon da ya zo daga Nijar neman abinci ko mafaka, mu karɓe shi da mutunci, gama faɗan gwamnatoci ba laifinsa ba ne. Mu tsare bakinmu daga jita-jitar da ke zuga ƙasa a kan ƙasa, ko addini a kan addini. Mu riƙa yin addu'a domin shugabannin Nijeriya da na maƙwabtanmu duka, domin su ci gaba da zama da juna ko a ranar da ba su jitu ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne garuruwa ne da suka bi Gwandu a dā amma yanzu suna wata ƙasa?
2. Mene ne bambancin Lafiyar Toga da sulhun 1934?
3. Don me bushiya ta komo bayan an kusa kawar da ita?
4. Su wane ne suka fi wahala sa'anda aka rufe iyaka a 2023?
5. Wane abu ɗaya ne za ku iya yi a garinku cikin wannan wata domin kiyaye zumunci da maƙwabta?